Rabe Yadda-Ka-Ce

Duk wanda ya san bakin ruwan Nguru ya san ni, Abbagana. In bai san sunan ba, ya san tabon da ke cinyata ta hagu, inda dorina ta gwada haƙorinta ta gane ba kowane nama ake ci ba. Jirgi ya kife da ni a tsakiyar damina, na fito da ƙafata, har da hulata a kai. Shekarar da amai da gudawa ya share layinmu, ya zo ƙofata ya yi sallama ya juya. Ban taɓa zama a aji ba, amma in na dubi ruwa ina karanta shi yadda malam ke karanta allo. To duk wannan ba shi ne abin taƙamata ba. Babban yaƙin da na ci, da baki a rufe na ci shi, kuma a kan Rabe ne.

Rabe ɗan ƙanena ne. Uban ya rasu yana rarrafe, uwar ta bi bayansa bai gama iya magana ba, sai na ɗauko shi na haɗa da nawa. Nawa duk sun ɗauko taurin kaina, shi kuwa tun yana ƙarami ba a taɓa jin musu a bakinsa ba. In ka ce zauna, ya zauna. In ka tambaye shi tuwo yake so ko burabusko, sai ya ce yadda ka ce. Har ya yi gemu haka yake, shi ya sa masunta suka laƙaba masa Yadda-Ka-Ce. Dattawan unguwa da shi suke yi wa 'ya'yansu gori, ni kuma in miƙe ƙafa in ce ai tarbiyyar Abbagana ce. Ni na zaɓa masa sana'a, ni na zaɓa masa Rahima ya aura, ko hular da ya sa ran ɗaurin auren ni na nuna da yatsa.

Matsala ta shigo lokacin da ciwon baya ya kwantar da ni, na daina fita ruwa. Rabe ya rasa wanda zai bi, sai ya maƙale wa wani mai lodin kwalayen bandar kifi a tasha, Siddiƙ. Siddiƙ ba aljani ba ne, mutum ne mai son a bi shi, ga shi yana haɗiyar tiramol don ya jure ɗaukar kaya. Ya miƙa wa Rabe ya ce sha, Rabe ya sha. Kafin in miƙe daga kwanciya yaro ya rame, ido ya yi ja, yana gyangyaɗi a tsaye. Rahima ce ta zo ta durƙusa ta kwance mini bakin zanenta, ta nuna mini fankon ƙwayoyin da ta tsinto a ƙarƙashin tabarmarsa.

Na kira shi na ce daga yau ka daina. Ya ce to, Baba. Kuma ya daina, ya sha wahalar da ya sha, amai da rawar jiki, bai nemi ko ɗaya ba. Na bi majalisa majalisa ina faɗa cewa abin da asibiti ke wata da watanni tana fama da shi, ni da kalma ɗaya na gama. Wata bai zagayo ba Siddiƙ ya tare shi a hanyar kasuwa ya ce sha, ya ce to. Na sake cewa daina, ya daina. Haka muka riƙa jan sa kamar masunta biyu da suka kama taru ɗaya, har ranar da ya faɗi a bakin ruwa yana kumfar baki, jikinsa na fizga. Da ba don masu wankin komar kamun kifi sun janye shi ba, da a ruwan da bai kai gwiwa ba zai tafi.

Wanda ya duba shi a Nguru ya ce mu kai shi Gashua, akwai masu kula da irin wannan. Muka hau mota ni da shi da Rahima. A can muka samu wata ma'aikaciyar jinya, Sista Dorathy, Kirista ce, iyayenta daga kudu suka zo amma a Gashua aka yanke mata cibiya, Hausa a bakinta kamar ta ci ta da miya. Ta tambayi Rabe sunansa, na faɗa mata. Ta tambaye shi tun yaushe ya fara, na faɗa mata. Ta tambaye shi ina ke masa ciwo, na fara bayani, sai ta ajiye biro ta dube ni.

"Baba, a cikinku wane ne marar lafiyar?"

Na ce ga shi nan a gabanta. Ta ce to ai ba ta ji muryarsa ba tukuna. Ta juya ta tambaye shi ko shayi zai sha ko kunu, tunda bai karya ba. Rabe ya waiwayo ya dube ni. Ta sake tambaya, ya sake dubana, gumi ya tsatso masa a goshi kamar an ce ya haye kogi da iyo. Nan ta roƙe ni da ladabi in koma benci a gindin darbejiya. Ni Abbagana, da ba a taɓa tayar da ni daga majalisa ba, 'yar da na yi jika da ita ta kore ni waje. Na fita, don babba juji ne.

Da suka gama ita da likita, ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce ciwon Rabe biyu ne a murɗe kamar igiya: ɗaya ƙwaya, ɗaya kuma tsoron tsayawa da ƙafarsa. Yana ganin in ya zaɓi wani abu da kansa zai yi kuskure, in ya yi musu za a yar da shi a bar shi shi kaɗai, shi ya sa duk wanda ya tsaya kusa sai ya jingina. Ta ce in an wanke ƙwayar daga jininsa aka bar wancan, aikin banza ne, don duk wanda ya riga isa gare shi da safe shi ne mai shi. Dole a yi maganin biyun tare.

Na yi dariya na ce 'yata, wannan da kuke kira ciwo, mu a gidanmu biyayya muke ce masa, kuma da wahala aka same ta.

"Mai biyayya yana da a'a a aljihunsa, Baba, shi ya ga dama ya bar ta a ciki," in ji ta. "Rabe kuwa aljihun ne babu komai. To ɗin da yake ce maka, ita yake ce wa Siddiƙ."

Ta ce su za su ba shi maganin da zai rage masa azabar barin ƙwaya, za su riƙa zama da shi suna koya masa ya san abin da ransa ke so. Ni ma akwai nawa maganin: in ya dube ni, in dubi wani wuri. Na ce wannan ai wasan yara ne ga wanda ya yi kokawa da dorina.

Wallahi dorina ta fi sauƙi. Da aka sallame shi muka dawo Nguru, sai ya tsaya a ƙofar ɗakina da huluna biyu a hannu yana jira. Ina ganin wadda ta dace da rigar, amsar na kan harshena, sai in ɗau rediyo in hau murɗe-murɗe. Ya tsaya har rana ta taɓa katanga, sannan ya ɗora wadda ba ta dace ba, ya fita kamar mai tafiya a kan ƙaya. Na aike shi sayen zaren gyaran koma ban faɗi kauri ba, ya sayo wanda ko tarwaɗa mai mura za ta tsinka. Na karɓa na ce madalla. Rahima ma an ce ta daina yanke masa, ita da ta saba har yawan lomarsa ita ke faɗa.

Da ya ga mun rufe masa ƙofa sai ya koma kan Sista Dorathy. Ya riƙa kiranta a waya yana tambaya ya yi aski yau ko gobe, ya ci abinci kafin wanka ko bayan wanka. Ita kuma sai ta mayar masa da tambayarsa, ta ce ranar da zai zo ganin likita ya ba ta labarin abin da ya zaɓa. Ta gaya mini ba don ta zama sabon Abbagana take wannan aiki ba. Na ce ai ko ta so ba za ta iya ba.

Ya zame sau ɗaya. Rahima ta je suna a Jakusko ta kwana biyu, gida ya yi masa faɗi, ya ga kamar ba za ta dawo ba, ya je tasha ya karɓi ƙwaya wurin Siddiƙ. Na so in ɗaga murya, amma kafin in tambaye shi ya zo da kansa ya faɗa, yana kuka, ya ce a kai shi Gashua. Ban taɓa jin ya nemi wani abu da bakinsa ba sai ranar. Sista ta ce faɗuwar da mutum ya faɗi da bakinsa ba irin ta da ba ce.

Sai ga lokacin da ruwa ya fara ja, kifi ya taru, kowa na bakin ruwa da sassafe. Ina ɗaure kayan jirgi, Rabe na zaune yana ɗinkin koma, sai ga Siddiƙ. Ya gaishe ni sama-sama, ya tsuguna gaban Rabe ya ce mota za ta tashi kudu da banda, ana neman mai lodi, ya tashi su tafi. Yana magana yana bubbuga aljihun gaban rigarsa, kowa na jin ƙarar ledar da ke ciki. Ya ce ko sai an tambayi tsoho, tunda har yanzu shi ke ɗaura masa wando.

Rabe ya ɗago ya dube ni.

Masunta duk sun tsaya da abin da suke yi, suna jiran tsawar Abbagana. Sandar tuƙi na hannuna, kuma Allah ya sani ko a wannan shekaru zan iya auna ta a bayan Siddiƙ. Kalma ɗaya ta isa, in ce zauna ya zauna. Amma na san in na faɗe ta, gobe ba na nan wani zai ce tashi. Na juya na zuba wa ciyawar kacala ido kamar yau na fara ganinta. Na ƙirga tsuntsayen da ke kanta, na rasa lissafi, na sake. Ina jin numfashin yaron a bayana.

"Ba zan je ba," in ji Rabe. Muryar kamar ta ɗan tsako.

Siddiƙ ya yi dariya ya ce tsohon ya yi masa ido ke nan.

"Bai ce komai ba. Ni ne ba na so. Abin aljihunka ma ba na so."

Siddiƙ ya ƙara 'yan maganganu, ya ce daga yau kada ya sake nemansa, ya san dai babu mai kula shi in ba shi ba. Rabe ya ce to ya ji, amma bai tashi ba. Siddiƙ ya kaɗe wando ya tafi.

Ni kuwa ƙirjina ya cika har na manta da maganina. Na miƙa masa sanda na ce maza shiga jirgi, yau shi zai tuƙa, kowa ya ga ɗan Abbagana.

"A'a, Baba."

Na ɗauka kunnena ne. Ya miƙe, idonsa a ƙasa, ya ce shi tun yana yaro ba ya son ruwa, duk ranar da muka shiga, a tsorace yake har mu fito. Ya ce ɗinkin koma yake so, da banda, a tudu, shi da Rahima. Da ya gama ya ɗago yana dubana, na ga abin da yake jira: in ce ya bar mini gida.

Na dube shi daga sama har ƙasa. Na ce to ya tura mini jirgin tukuna, sai dai in shi ma ba ya so. Ya ce wannan zai iya. Ya tura, na kafa sanda, ban kai bakin kacala ba dariya ta ƙwace mini, har masu jirgin gaba suka waiwayo suna tambaya ko lafiya.

Yanzu rumfarsa na nan kusa da masu banda, yana zuwa Gashua ganin likita shi kaɗai, ba na ma sanin ranar. Har yau wani lokaci yakan tsaya da huluna biyu, ni kuma in ɗau rediyo. Kwanan baya na kai masa komata da ta yage na ce gobe nake so, ya nuna mini na mutanen da suka riga ni ya ce sai jibi. Na tsaya na tabbatar na kusa sun ji. Dorina ba ta iya da ni ba, ruwa bai iya ba, a duk faɗin Nguru mutum ɗaya ne ya taɓa ce wa Abbagana a'a ya kwana lafiya, kuma a gidana ya tashi.