Ƙasar da Na Ɗebo wa Injiniya

Kwana goma sha ɗaya ina kulle cikin akwatin katafilar nan, gilashi gaba, gilashi gefe, ƙofar ma da waya nake ɗaure ta. Zafi ya dafa ka, warin fetur ya hau maka kai, in ka tofar da yawu sai ka rantse tiyo ka tsotsa. Aikinmu kwashe ƙasar tsohuwar ma'ajiyar mai, inda tankuna uku suka yi shekara talatin a binne suna yoyo. An ciro tankunan, saura baƙar ƙasar da suka jiƙa. Ni in haƙa, Dogo ya kwasa a tifarsa.

Injiniya, matar da ke shugabantar aikin, tana da doka ɗaya: ba mai shiga ramin, don ya fi tsayin mutum biyu, gefensa na iya ruftawa. In tana son gwaji sai ta tsaya daga baki ta nuna da yatsa, ni in miƙa bokitin katafila in ɗebo mata. Ta zuba a leda, ta soka bakin wata 'yar na'ura mai gano warin mai. In na'urar ta yi kuka, a ci gaba da haƙa wajen. In ta yi shiru, wannan gefen ya gama.

Gabas ya yi shiru, kudu da yamma suka bi. Arewa kuwa, jarababbiyar na'urar nan kullum sai ta tsala ihu. Kuma arewa katangar gidanmu ce, bayanta ɗakin Inna, mahaifiyata. Baba ne ya gina shi da hannunsa lokacin yana gadin ma'ajiyar, a ciki kuma ya rasu. Tun ranar da muka fara Inna ta gaya min, "Auta, ni daga ɗakin nan sai makara." Ga furfura a gemuna, har yau Auta nake.

"Gobe kam sai ka ɗebo mana gadon tsohuwa," in ji Dogo yana washe baki. Saura ƙiris in kife masa bokiti a kan gilashin mota. Na yi tunanin ajiye aikin, to in na sauka wa zai hau? Wani mahaukacin direba da bai san katangar waye ba. Haka na zauna ina cin ƙasa taku ɗaya, taku ɗaya, ina kusantar ɗakin uwata, wallahi kamar in yi kuka.

A rana ta goma sha ɗaya saura taku uku. Injiniya ba ta san cewa gidanmu ne ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Direba, ɗebo min daga gindin katangar can. In wannan ma ya yi kuka, dole in rubuta a tashi masu gidan, a rushe ɗakin da ke jikinta."

Na sauke bokiti. Daga inda take tsaye ba ta ganin ƙasan ramin, ga wayarta ta yi ƙara ta juya baya. A kusurwar yamma akwai jar ƙasa mai kyau da ta zubo daga sama. Na karkata hannun katafila kaɗan, na kwaso ta, na ajiye gabanta. Na'urar ta yi tsit.

"Alhamdulillahi, mun gama," ta ce. "Bayan azahar a fara cikowa."

Dogo ya ga komai daga saman tifarsa. Ya kau da kai.

Da aka tashi hutu na zagaya gida. Inna na ɗaki tana salla. Kullum in na zo ita ke kawo min ruwa da kanta daga wata shuɗiyar jarka, ban taɓa tambayar dalili ba. Yau ƙishi bai bar ni jira ba, na buɗe randar ƙofar ɗakinta na kamfata da kofi na kai baki. Furzarwa na yi har kan takalmina. Fetur! Na ruga rijiyar tsakar gida na leƙa, saman ruwan na sheƙi launi-launi.

"Inna! Wannan kike sha?"

Ta fito tana naɗe sallaya. "To rage murya, ba kurma ba ce ni."

"Tun yaushe?"

"Tun damina biyu. Ai ina shanya shi a rana, in yaɗe saman da tsumma, warin ya ragu."

"Na jarkar fa?"

"Na maƙwabta ne. Naka ne wannan." Ta zauna kan kujera tana dafe goshi, ciwon kan nan da kullum take ɗora wa tsufa. "Da ka sani ai sai ka faɗa wa matar can mai leda. Na san halinka, ba ka iya riƙe magana."

Na tsaya da kofi a hannu. Ni ina can ina mata ƙarya, ita tana nan tana min. Haushi ya kama ni, nata da nawa.

"Auta," ta ce a hankali, "na ji injin ya yi shiru. Sun gama ko?"

Na ajiye kofin. Na fita.

Na tarar tifa biyu sun iso da ƙasar ciko, Injiniya na cike takarda a kan murfin motarta. Na hau katafila, na ɗaure ƙofa da wayata, na tayar. Na miƙa bokiti har gindin katanga, na danna shi ciki sosai, na juyo na zube a gabanta. Ƙasar baƙa wuluk, tana naso. Ko ledar ba ta kai ga ɗaurewa ba na'urar ta fara ihu.

Ta ɗago ta dube ni. "Direba, wannan daga ina?"

"Daga ƙarƙashin ɗakin uwata," na ce.

Ta juya ta ɗaga wa tifofin hannu su koma. Ta saman katanga na hango kan Inna, ta taka wani abu tana leƙowa. Ba ramin take kallo ba, ni take kallo. Injiniya ta nuna arewa da yatsa, na sauke bokiti.