Kunnen Baba

Shekara biyu ke nan ina da shafi a intanet wanda ba ya maganar komai sai tsofaffin kekunan ɗinki, baƙaƙen nan masu fedal. Ranar da na buɗe shi Yayana ya yi dariya har da riƙe ciki, wai duk faɗin duniya na rasa abin rubutu sai ƙarfen da ya girme ni. Ban ko kalle shi ba. Teloli na shigowa neman yadda za su ɗaure bel ko su daidaita zare, masu kaya na liƙa tallarsu a gefe, ni kuma ina samun abin rufin asiri daidai gwargwado. Yanzu shi Yayan ne ke bina in koya masa.

Gaskiyar magana, duk abin da ke shafin daga bakin Baba na kwaso shi. Shekara arba'in yana gyaran keke a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, inda ko'ina ka dafa sai ka kwaso baƙin mai. Sai dai idonsa ya ja baya. Ya daina ganin kafar allura, ƙaramin noti in ya faɗi ƙasa sai ya yi ta lalube. Wata safiya ya ce mana ƙarshen wata zai rufe shagon. Ya faɗa kamar ba komai, amma ni na san Baba. In aka raba shi da aiki, zaman gida cinye shi zai yi, kuma abin ya tsaya min a rai.

A satin ne wani mai shagon kayan waya da ke talla a shafina ya aiko min da kyamarar bidiyo, in gwada in rubuta ra'ayina. 'Yar mitsitsiya ce, da kaɗan ta fi akwatin ashana, ka jefa ta aljihu ka manta. Na ce to, a kan hannun Baba zan gwada ta, ko ba komai a samu abin tunawa.

Na jingina ta da gwangwanin mai a kan teburinsa. Keken da ke gabansa na wata tela ne, yana tsallake ɗinki. Baba ya taka fedal, ya karkata kai, ya tsaya, ya juya wani abu a ƙasa, ya sake takawa. Minti shida ya gama. Kyamarar ba laifi: a bakin ƙofa hoto tar, can cikin shago kuwa sai ya yi dishi-dishi, kuma tana saurin ɗaukar zafi. Amma sauti, kai! Har tarin mai faci na maƙwabta sai da ta kwaso.

Da na koma gida na zauna na gyara bidiyon. Ƙarar keken ta cika min kunne, sai na cire ta gaba ɗaya na ɗora wani kiɗa mai sanyi, yadda na ga ana yi. Washegari na kai wa Baba a wayata ina ta jin kaina.

Ya kai wayar dab da hancinsa, sannan ya mayar da ita kunne.

"Ina keken?" in ji shi.

"Ga shi nan a gabanka, Baba."

"Ni kiɗa nake ji. Ke, kin cire aikin kin bar min hannu yana rawa."

Raina ya ɓaci, don rabin yini na ɓata a kan bidiyon nan. Na ce ai mutane gani suke so, ba hayaniya ba.

"Hayaniya? Sa min na asalin."

Na sa. Ya ɗaga yatsa.

"Ji nan. Kin ji wannan ƙas-ƙas ɗin a ƙarshen kowane taku? Allura ce ke gogar ƙoshiyar zare. To saurara yanzu, bayan na sassauta."

Na saurara. Ƙas-ƙas ɗin ya ɓace, keken na tafiya sumul. A cikin wannan ƙara na girma, amma ban taɓa sanin magana take yi ba. Na sake kallon bidiyon, sai a lokacin na lura duk sanda Baba ya taka fedal, idonsa a rufe yake. Kunya ta kama ni, sai kuma wani daɗi ya biyo baya wanda ya fi ta yawa.

Na ɗora bidiyon yadda yake, har da tarin mai faci. A ƙasa na rubuta ra'ayina kan kyamarar, sannan na ƙara layi biyu: duk wanda kekensa ke ba shi wahala, ya ajiye waya kusa da allura, ya taka a hankali sau goma, ya turo mana sautin.

Kwana uku shiru, har na fara cewa na yi shirme. A na huɗu saƙo ya shigo daga wata tela a wani gari mai nisa. Kayan makaranta ne jibge a gabanta, keke ya ƙi, tana zaton bel ne ya lalace, kuma babu mai gyara a kusa. Baba ya saurara sau biyu.

"Gaya mata bel ɗinta lafiya lau, kada ta sayi sabo. Ta buɗe ƙasan, akwai guntun zare da ya naɗe a ciki. Ta cire, ta ɗiga mai sau biyu."

Da la'asar ta turo wani saƙon. Ba ta fara da magana ba, keken ta bari ya yi ta gudu, sannan muka ji muryarta: "Baba, Allah ya ƙara lafiya, Allah ya bar mana kai."

Baba ya sa na maimaita masa har sau uku. Ya juya baya yana goge sukudireban da ba abin da ya same shi. Wata ya ƙare, wani ya kama, ba wanda ya sake tayar da maganar rufe shago. Abin da ke buƙatar ido yanzu ni ke yi, shi yana faɗa min inda zan taɓa.

Yau da safe ina shiga ya ce, "Mutum nawa ke jira?"

"Goma sha bakwai, Baba."

Ya gyara zama, ya miƙo hannu.

"To tsayuwar me kike yi? Sa min na farko."