Shirun Rediyo

Rediyo ake ce masa a layin, kuma bai ci sunan a banza ba. Mai aski ne, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, wanda in ka zauna a kujerarsa sai ka tashi da gashi kaɗan da labari mai yawa. In ya yi maka tambaya shi zai amsa, sannan ya yi gardama da amsar. Shi ya sa ranar da ya manna takarda a jikin madubi cewa zai yi kwana bakwai bai ce uffan ba, mai gyaran waya na kusa da shi ya yi dariya har ya ƙware.

Abin kuwa ba na dariya ba ne. Yayarsa ce ke kwance a asibitin unguwa wata biyu, huhu ya ƙi. Ɗakin mata gado takwas ne, injin iskar numfashi kuwa ɗaya tal, ana jan sa daga wannan gado zuwa wancan, mai jira tana kallon mai shaƙa. Ƙungiyar da ke tallafa wa asibitin ta ce kowa ya ɗauki abin da yake ba shi wuya, jama'a su sa masa kuɗi, a sayi inji na biyu. Wasu suka ɗauki gudu, wasu keke. Shi ya san abin da ya fi ƙarfinsa.

Mai sayar da taya na layin, wanda hannunsa ba ya buɗewa da sauƙi, ya karanta takardar ana cikin yi masa aski, ya ce, "In ka kai Litinin ƙarfe huɗu ba ka ce tak ba, duk abin da aka tara zan ninka. Amma ko 'wash' ka ce, ba ni a ciki." Ya faɗa ne da kwanciyar hankalin wanda ya san kuɗinsa ba inda za su.

Kwana uku na farko wasa ne. Aka cika shago ana tsokanarsa, ana zagin ƙungiyar ƙwallonsa a gabansa, ana ba da labari ana karkata shi da gangan don ya gyara. Ya ciji leɓe har ya fashe. Ya rataya guntun kwali da biro a wuya, abin da ya zama dole ya rubuta.

Kullum da yamma yakan rufe shago ya tafi asibiti. Yaya ta rame, amma bakinta yana nan.

"Auta, ashe kana da kyau in ka yi shiru," in ji ta. "Shekara arba'in ban samu na kalle ka ba, surutu ya tare."

Matar gadon kusa, tsohuwar malamar makaranta, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ranar Juma'a likita ya ja shi gefe a baranda, ya yi masa magana a hankali. Rediyo ya gane Yaya ba za ta daɗe ba. Ya koma ya zauna a bakin gado. Akwai maganar da bai taɓa yi ba. Yana shekara huɗu uwarsu ta rasu, Yaya ta bar makaranta tun ba ta iya haɗa baƙi ba, ta goya shi. Da ya girma, keken ɗinkinta ta sayar ta saya masa injin aski na farko. Ya ba duniya labarin komai, har na karen maƙwabta, amma bai taɓa buɗe baki ya ce mata ya gode ba. Kunya yake ji, sai ya riƙa mayar da abin wasa.

Ya buɗe baki. Ta gani, ta ɗaga yatsa.

"Kul. Kada ka kuskura."

Ta nuna masa malama da haɓa. Malama tana zaune ta dafe ƙirji, tana jiran a gama da injin a gado na uku.

"Kwana uku ya rage. Ka zubar mana da inji don surutu? Wallahi ba zan yafe maka ba."

Sai ya jawo kwalin ya rubuta, ya cika gaba da baya. Ya miƙa mata, sannan ya tuna. Ta juya kwalin sama da ƙasa, ta yi murmushi, shi kuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Saboda shi ne ba ta iya karatu ba.

Malama ta miƙo hannu. "Kawo in karanta mata."

"A'a, malama, bar shi," in ji Yaya. "Ba da muryarki nake son ji ba. Litinin ƙarfe huɗu ya zo nan ya faɗa da bakinsa. Ina jira."

Ba ta jira ba. Ranar Lahadi da hantsi ta cika, yana riƙe da hannunta, bakinsa a rufe.

Aka yi ta zuwa gaisuwa, yana gyaɗa kai. Matarsa ta roƙe shi da kuka ya yi magana ko ya samu sauƙi. Mai taya da kansa ya zo, ya durƙusa gabansa, ya ce, "Na janye sharaɗin. Zan ninka ko yanzu ka yi magana. Don Allah ka ce wani abu." Rediyo ya girgiza kai. Yaya ta ce kwana uku, kuma bai taɓa ƙetare maganarta ba sai a ƙananan abubuwa.

Ranar Litinin 'yan layi suka taru a ƙofar shago, ba hayaniya, kowa na duban agogo. Ba su same shi ba. Yana asibiti, zaune kan kujerar roba a gaban gadon da aka cire wa zanin, katifar ledar tana ƙyalli. Agogon bango ya kai huɗu.

Muryar ta fito a dishe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Yaya, na gode. Keken ɗinkin nan… da makarantar… Yaya, na gode."

Iyakar abin da ya iya ke nan, shi da ya cika kwali gaba da baya. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙugin injin a gadon malama. Malama ta janye robar iskar daga hancinta, ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe haka muryar take," ta ce. "Kullum in ka fita sai yayarka ta ce mana duk garin nan ba muryar da take son ji kamar taka. Ta ce kada a gaya maka, wai sai ka ƙara surutu."

Rediyo ya kifa fuskarsa a kan katifar, ya yi kuka da ƙarfi, yadda bai samu yi ba jiya.