Sai Baƙin Mai Ya Kai Casa'in

Hartmut Kröger ya daɗe yana zaman lafiya da motarsa, har ranar da ya ga dama ya san abin da ke cikin ranta.

Wani ɗan akwati ya saya, bai fi sabulun wanka girma ba. Ya wuni a gareji ranar Asabar, ya kwance allon gaban motar wanda da can aikinsa nuna taswira da tashar rediyo, ya jona wayoyi, ya mayar. Yana kunnawa agogai suka jeru a allon kamar na jirgin sama: ƙarfin turbo mai ƙara wa inji gudu, zafin iska, zafin baƙin mai. Ya kira matarsa Birte ta zo ta sha kallo.

"To, ina taswirar?" ta ce.

"Tana baya. Ki danna nan, sannan nan, sai ki riƙe wannan."

"Da ba na danna komai."

"Ai shi ne ci gaba."

Ranar Litinin ci gaban ya fara cizo. Tun Hartmut yana yaro mahaifinsa ya koya masa ba a taka mota sai injinta ya kai digiri casa'in, kuma a wurin maza irinsa wannan ya wuce shawara, ya zama aƙida. Tsohuwar allurar da motar ta zo da ita kan hau tsakiya da zarar ya bar unguwa, shi kuwa sai ya ba ta wuta da zuciya ɗaya. Ashe zafin ruwan inji allurar ke nunawa. Baƙin mai kuwa, in ji sabon agogo, bai ko kai saba'in ba lokacin da ya faka a ƙofar ofis. Wato duk shekarun nan da sanyin jiki yake zabga mata bulala, ita kuma ba ta taɓa kai ƙara ba.

Daga ranar mutumin da ya sayi agogo don ya ga gudu ya zama mafi nawa a gundumar. Tarakta ta taɓa wuce shi. Ya koma zagayawa ta ƙauyen gaba kafin ya je aiki, don mai ya ɗumama.

Birte dama ta daɗe tana so a sayar da motar a sayi mai lantarki irin ta ƙaninta Sönke. A bikin ranar haihuwar mahaifiyarsu Sönke ya taso da zancen.

"Yaya Hartmut, na ji an ce jirgin naka yanzu masu keke ke maka ƙararrawa."

"Gara ni mota nake tuƙawa. Kai firiji aka sa wa taya."

"Firijin zai riga ka zuwa ko'ina."

"Ranar da ya riga ni, in sayar da ita."

Mama ta ajiye cokalinta ta ce ta ji. A gidan nan maganar da Mama ta ji ba ta komawa ciki. Aka sa Lahadi: a ci abincin rana a gidan Hartmut, a tashi tare zuwa gidan Mama shan kofi. A tsakani akwai guntun babbar hanya inda babu iyakar gudu. Ba wanda ya kira abin tsere, tunda doka ta hana tsere. Za dai a ga wanda ya riga isa ne kawai.

Hartmut ba wawa ba ne. Da hantsin Lahadi ya fita ya yi ta kewaya gonaki har agogo ya nuna casa'in, ya dawo ya faka a ƙofar gida. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne yadda Sönke zai ci abinci. Mutumin ya zauna wa kabeji da naman alade kamar ba shi da wani alƙawari a duniya. Kowane dankali sai ya yanka shi, ya yaba shi, sannan ya tauna. Ya nemi ƙari. A waje ƙanƙara ta kwanta a kan ciyawa.

Hartmut ya sulale ya je ya tada inji a tsaye. Nan take tagar maƙwabciya ta buɗe.

"Malam Kröger," tsohuwa Tiedemann ta ce, "ina jin ka san an hana barin inji yana ci a tsaye. Kuma yau Lahadi, ranar da aka hana damun mutane da ƙara."

Ya sani. Shi ne bara ya tsaya a daidai wurin nan ya karanta wa surukinta wannan dokar. Ya kashe.

Da suka hau hanya mai yana arba'in da ɗoriya. Da suka shiga babban titi ya kusa sittin. Allon da ke soke iyakar gudu ya taho ya wuce, hanya fayau, ba ko babbar mota. Hartmut ya san in ya taka totur har ƙasa firijin Sönke ba zai ga ko hayaƙinsa ba. Ƙafarsa ta ɗan motsa. Idonsa ya sauka kan allo.

Birte, wadda ta fi kowa son a rabu da motar, ta dube shi, ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce a hankali, "Baban Wiebke, in kana son ta, taka ta mana."

"Da sanyi?"

"Sau ɗaya dai."

"Haka na yi ta yi mata ban sani ba. Yanzu na sani."

Sönke ya wuce su shiru, ko tari motarsa ba ta yi ba. Har ya samu sukunin ɗaga musu hannu.

Sittin da takwas. Saba'in da biyar. Tamanin. Agogon ya cika casa'in cif daidai inda ake sauka zuwa ƙauyen Mama, bayan wata motar ɗaukar madara.

"Ta shirya," Hartmut ya ce.

Sun tarar da Sönke ya ci rabin kek ɗinsa. Mama ta ce kawai su zauna, kofi ya huce.

Wani likitan haƙori ne ya zo saye. Hartmut ya zaunar da shi a kujerar direba ya bi agogan ɗaya bayan ɗaya, ya fi daɗewa a kan na baƙin mai. Mutumin ya yi ta gyaɗa kai cikin ladabi, sannan ya ce, "Madalla. To, ina taswirar?"

Birte ce ta leƙo ta nuna masa. Nan, sannan nan, sai a riƙe wannan. Agogan suka ɓace.

Likitan ya murza makulli, ya sa giya, ya taka ta har ƙasa tun daga ƙofar gida. Kukan injin ya ratsa unguwar har ya sha kwana. Tagar tsohuwa Tiedemann ta buɗe, suka dubi juna ita da Hartmut, karon farko da ra'ayinsu ya zo ɗaya.

Ya jima a tsaye. Da ya shiga gida sai ya ɗauki waya.

"Sönke, wannan batirin naku, shi ma akwai zafin da ya kamata ya kai?"

"Akwai mana, Yaya. Amma allon ba ya nunawa, sai an jona wani ɗan akwati."

Birte ta miƙa hannu ta karɓe wayar.