Gawar da Ta Tashi a Bakin Ruwan Warra

Jirgin ya tuntsure a tafki, Saminu ya faɗa ruwa da takobi a hannu, bai sake ɗagowa ba.

Ramatu ta watsar da farantin ƙosanta ta kurma ihu. "Ɗana! Ku fiddo mini ɗana!"

'Yan fim suka yi cirko-cirko a gaɓa. Daraktansu, Wakili, tun zuwansa Warra yake cika baki cewa fim ɗinsa na yaƙin zamanin da ba zai yi takobin katako ba: mashi na gaske, garkuwar fata ta gaske, sulke na ƙarfe zalla. Wannan sulken ne a jikin Saminu, shi ne kuma ya ja shi ƙasa kamar dutse. Samarin da ke cikin sauran jiragen duk 'yan birni ne, ba mai iya iyo.

Sai ɗaya daga cikin gawarwakin da aka jera a kan yashi ta miƙe zaune.

Baba Ɗangana ne, tsohon masunci, maƙwabcin Ramatu katanga ɗaya. Ya nemi a sa shi cikin mayaƙa, aka ce ya tsufa, sai dai ya kwanta a matsayin mushen fagen fama. Ya fizge kibiyar da aka maƙala masa a hammata, jan kalar jini na bin ƙirjinsa, ya ruga ya tsunduma.

Ramatu ta shiga ruwa har gwiwa tana salati. Ruwan ya lafa. Ba kumfa, ba motsi. Can sai ga ƙafafu biyu sun ɓullo sama, sannan furfurar tsohon, yana janye da Saminu, babu sulke a jikinsa. Gaɓa ta kaure da kabbara, matan Kambari masu shanyar kifi suna rangaɗa guɗa.

Ruwan da ya sha ne ya zauna wa Baba Ɗangana a ƙirji. Aka kai shi asibitin Yelwa, ya ce a maido shi ɗakinsa. Kullum Ramatu na kai masa kunu, shi kuwa abu ɗaya yake nema.

"Saminu, kawo wayar ga, mu sake gani."

Ashe mai kyamara bai kashe ba, ya kuma tura wa Saminu hoton a waya. Tsohon ya ƙura ido, yana dariya tari na sarƙe shi.

"Ga ni can! Dubi gudu, Ramatu. Wanga ne suka ce ya tsufa?"

Ramatu ta ce, "Baba, yaya ka yi ka raba shi da ƙarfen nan?"

"Na ja, ya ƙiya. Sai na kama ƙafafunai na juya shi kai ƙasa, na zazzage shi kamar kifi daga kwando. Rigar ta sulale da kanta." Ya harari Saminu. "Sarkin yaƙi ke nan, ina girgiza shi yana shure-shure."

"Kai Baba, rufa mini asiri mana."

"Asirin mi? Duniya duk za ta gani. Wakili ya rantse ba ya yanke wurin."

Ranar Laraba da hantsi Baba Ɗangana ya cika, wayar na kan ƙirjinsa. Masunta suka zo da jirage tun daga Shanga da Yelwa, gaɓa ta cika har ba wurin ɗaure jirgi. Saminu ne a gaban makara, ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi.

Da la'asar Ramatu na share ƙofar gidan mamacin, babur ya tsaya. Wani dogon dattijo ya sauko, ya yi ta'aziyya a nutse, sannan ya ce daga Birnin Yauri yake.

"Ke ce uwar yaron da ya sa sulke?"

"Ni ce."

"Sulken na kakanmu ne. Aro Wakili ya ce." Ya juya ya dubi tafkin, ruwan ya kwanta luf har iyakar gani. "Nuna mini inda ya faɗa."