Inda Yaya Yake Yankewa

Auta ta shigo falo ta yi jifa da jaka. Ta faɗi jarrabawar sauraron Turanci, kuma dama ɗaya ta rage mata kafin asibitin da ya yi mata alkawarin aikin jinya ya ba wata gurbin.

Yayanta na zaune a ƙasa yana gyaran fanka. Shi ya hana ta darussan da ƙawayenta ke kallo, wai akwai kiɗa. Shi yake sauko mata da wa'azin Turanci daga intanet, yana cewa ga ilimi ga lada.

"Ba ki dage ba ne," in ji shi. "Kowa ya san wa'azi ya fi shiga kunne."

"Kowa wa? Wata mata suka sa mana tana gaya wa likita ciwon mijinta, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ko kalma ban cafke ba!"

"Ai malamin nan kina gane shi tsaf."

"Ina gane shi mana! Ƙissar Annabi Yusuf yake bayarwa, wadda Inna ta yaye ni da ita. Da ya ambaci rijiya na san ayari na tafe. Rabin kalmominsa ma na Islamiyya ne. Ko da yaren tsuntsaye ya yi, kai zan gyaɗa."

Ta fizgi wayarsa tana duba bidiyoyin. Kowanne daidai inda malam ya ce a yi tambaya yake ƙarewa.

"Yaya, ina sauran?"

"Ni nake yankewa. Surutun jama'a ne kawai, wani ma ba ka jin me yake cewa."

"Ba ka jin me yake cewa! To a kan me kake zaton ake jarraba ni? Wata da watanni kana ba ni ƙashi kana zubar da naman!"

Ta nemo cikakken bidiyon. Wani tsoho ya karɓi makirfo, yana magana da sauri, yana tari, yana haɗiye rabin kalmomi. Ba ta gane ba. Ta yi tsaki ta mayar baya, ta sake mayarwa, ta manna wayar a kunne.

"Allurar ciwon suga," ta ce a hankali. "Tambaya yake ko tana karya azumi."

Yaya ya ajiye sukundireba ya matso. "To bari mu ji amsar malam."

"Amsar na san ta tun ina aji uku."

Ta tsallake malamin, ta wuce ga mai tambaya na gaba.