Kwaɗon da Ba Shi da Mabuɗi

"Yaya, don girman Allah, ta ina ake buɗe shi?"

Ƙanen maƙerin ne durƙushe a bakin gado, yana jujjuya kwaɗon ƙofa a hannunsa. Maƙerin ko kallo bai ishe shi ba. Kwanansa goma sha biyu a kwance, ƙirjinsa na ƙara kamar zarto.

Mai buga takardu, wadda shagonta ke manne da maƙerar, tana tsaye riƙe da kofin ruwa, daɗi kamar ya kashe ta. Ita ce ta kwashe wata uku tana tace wa tsohon gasannin masu ƙananan sana'o'i. Wadda aka ce sai an sayi fom, ta watsar. Wadda aka ɓoye alƙalanta, sai kwandon shara. Da ƙyar ta samo ta gaskiya guda ɗaya, ta cike masa takarda, aka haɗa da kwaɗon da ya shekara bakwai yana ƙerawa, wanda ba shi da mabuɗi, sai hannun da ya san kansa. Da ciwo ya kayar da shi, ƙanen ya ce shi zai kai. Sunayen mutum biyar na ƙarshe suna fitowa sai ga na ƙanen a maimakon na maƙerin, mutumin da ko ƙusa bai iya miƙarwa ba.

Abin da gogan bai karanta ba shi ne sharaɗi na tara, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe: ranar Litinin kowa zai gwada aikinsa a gaban alƙalai. An dawo masa da kwaɗon ya shirya.

"Yaya, ciki ɗaya muka fito fa. Mutuncina zai zube."

"Ba kai ka ƙera ba?" in ji maƙerin da ƙyar. "Tambayi hannunka."

Ƙanen ya yar da kwaɗon a kan gado, ya fita yana ƙunƙuni. Tsohon ya yafito mai buga takardun.

"'Yata, kawo yatsunki."

Ya ɗora babban yatsanta nan, ɗan ƙaramin can, ya ce ta danna ta murɗa hagu. Ƙaras! Ya nuna mata wani abu a ciki, ya mayar ya rufe. Ran Asabar da hantsi tsohon ya cika.

Ba ta yi kuka ba. Haushi ya hana ta.

Ranar Litinin a wurin gasar ta zauna a layin gaba ta harɗe hannu. Ƙanen, da ya koma ya ɗauko kwaɗon, ya danna, ya ja, ya girgiza, har haƙori ya sa. Gumi ya jiƙe masa sabuwar riga. Ta bar shi sai da mutane suka fara dariya, sannan ta miƙe.

"Malam, kawo in taya ka."

Ƙaras! Ta miƙa wa babbar alƙaliyar, ta nuna mata ƙarfen da ke shigewa ciki. A nan maƙerin ya sassaƙa sunansa da shekarar da ya gama.

"Ina mai wannan sunan?" in ji alƙaliyar.

"Shekaranjiya ya rasu, ranki ya daɗe. Ga ƙanensa nan, ɗan aike."

Da la'asar ta share bakin maƙerar, ta ja ƙofar ta saƙala kwaɗon. Gawayin da tsohon ya zuba a murhu yana nan, ba a hura ba.